Bindigar da Kawu Sallau Ya Shekara Huɗu Yana Gyarawa

Duk wanda ya zauna a Nakkasa, unguwarmu ta Makka, ya san Kawu Sallau, yayan mahaifiyata, ba ya taɓa ƙarfe sai ya fara kara masa kunne. Fanka ce, keken ɗinki ne, ko tasin da nake ja, duk ɗaya. Sai ya lumshe ido, can ya ɗago ya ce, "Fushi take yi. A bar ta ta huce." Wallahi har kunya nake ji a gaban fasinja, tsoho da gemunsa ya duƙa yana sauraren mota!

Jikan maƙera ne, tun a Kano yake ƙera harba-ruga. A Makka kuwa walda yake yi a garejin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, wani Balarabe Abu Majid, wanda igamarsa ta izinin zama ke hannunsa. Da tsufa ya zo, hannu ya fara rawa, kowa ya san abin da ya rage: a buga masa huruji, takardar barin ƙasa, a sa shi a jirgi. Shi kuwa burinsa ɗaya ne. "Habu," in ji shi, "a Harami nake so a sallace ni. Kabarin kuma ko a bakin katanga ne, in dai a Makka ne."

Ana cikin haka Abu Majid ya fito da bindigar farautar da ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda in an harba take tofar da kwanso ta ɗora wani harsashin da kanta. Bututunta ya cinye, ya samo sabo, ya ce Kawu ya sauya. Bindigar tana gonarsa ta hanyar Jumum, bayan iyakar Harami, don haka ni nake kai Kawu duk Asabar.

Ranar gwaji Abu Majid ya saita gwangwani. Tau! Ya sake jan kunama, shiru. Kwanso ya maƙale a bakinta kamar taba a bakin direba.

"Ya Sallau! Mene ne wannan?"

Kawu ya kara kunne. "An yi mata sabon maƙogwaro, ba ta saba haɗiya da shi ba. Fushi take yi."

"Har zuwa yaushe?"

"Ya ɗawilal umur, ni maƙeri ne, ba boka ba."

Jama'a, haka aka shiga! Wannan makon ya ce harsashin ne bai dace ba. A kawo wani, ya ce gidan harsashin ne ya buɗe baki. A sauya, ya ce zafi ne, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul ɗin ihrami ya zauna yana yi mata fifita. Ni da ke tsaye a rana ko kallo ban samu ba. Duk shekara Abu Majid sai ya daki ƙirji ya ce, "Halas! Bana ce ta ƙarshe!" Kuma duk shekara sai ya sabunta igamar, don ba ya yarda wani ya taɓa kayan mahaifinsa.

Wata rana haƙurina ya ƙare, na nuna wa Kawu bidiyo a waya, wani Bature ya gyara irinta a minti goma. Ya karɓi wayar ya jefa a aljihun jallabiyarsa. Sai bayan kwana uku ya ba ni. "Ta huce," ya ce. "Kai ne dai ban sani ba."

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da bindigar ta yi biyar a jere ba gargada. Abu Majid ya yi kabbara, ni ma na yi. Na waiwaya, sai ga Kawu ya dafe kai yana salati, gumi sharkaf! Na ɗauka murna ce. Ya fizge ta ya ce, "Wannan lafiyar ta ƙarya ce, in ta saba da ita sai ta fashe." Asabar ta gaba ta koma maƙalewa, shi kuma ya ci kabsa faranti biyu.

A shekara ta huɗu Kawu ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. An sallace shi a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Shara'i, nan Makka. Da nake kwashe kayansa, na ɗaga katifa na ga gwangwanin alewa da sunana a kai. Ciki wani sifirin ne na bindiga, ɗan murɗaɗɗen ƙarfe sabo fil, da takarda da ajami: "Habu, wannan ne nata. Na ciki tsoho ne, ni na sa. Ka kai wa Abu Majid, ka ce ya yafe mini."

Innalillahi! Shekara huɗu ina gasuwa a rana, ashe maganin yana ƙarƙashin katifarsa! Na ji haushi, na ji tsoro, don ban san da wane ido zan kalli mutumin ba.

Na sami Abu Majid a gona, na miƙa masa gwangwanin. Ya jujjuya sifirin, sai ya fashe da dariya har hawaye.

"Ya Habu, tun shekarar farko na kai ta garin Ɗa'if a ɓoye. Minti biyar mai gyara ya gano."

Na saki baki. "To me ya sa..."

"Na ce ya mayar da tsohon yadda ya gan shi. Kawunka ba ya karɓar sadaka. Da na ce ya zauna haka kawai, da ya tattara ya tafi."

Ya mayar da sifirin cikin gwangwanin ya rufe. Har yau bai sa shi ba, bindigar tana rataye, ɗaya take yi ta maƙale.

Allah, ga bawanka Sallau nan a ƙasar da ya roƙa. Wanda ya yi wa wayo ya yafe, Kai ma Ka yafe masa. Ka sanyaya makwancinsa, Ka saka wa Abu Majid da irin suturar da ya yi masa. Amin.