Ranar Kasuwa a Cikin Kwamfuta

Bayan na yi ritaya na dawo Tamale na zauna a unguwar Vittin, na zaci na rabu da kwamfuta. Sai ga wata malamar aikin gona, 'yar aminina, ta faka babur a ƙofar gidana wata safiya.

"Baba, abin nan naka zai kunyata ni," in ji ta. "Jibi zan faɗa wa manoma a rediyo lokacin shuka, shi kuwa sai ya kai rabi ya sume."

Abin nawa ne kuwa. Manhajar da ke lissafin damina da yaren kwamfuta na C aka rubuta ta, malamar kuwa yaren Python ta iya. Ni na gina gadar da ke haɗa su tun ina aiki a Jamus. Can ta yi shekaru ba ta ko tari.

Muka zauna a baranda muna kallon ƙwaƙwalwar kwamfutar tana cika kaɗan-kaɗan. Na bayyana mata cewa C kamar maƙwabciyar zango take, in ta aiko da tuwo sai an mayar mata da kwanonta. Python kuwa ta saba a kwashe mata. Wani wuri a gadata kwanuka na shiga ba sa dawowa.

Na gwada da alƙaluman ruwan Jamus, lafiya lau. Na gwada da na Sudan, inda na taɓa koyarwa, haka nan. Da na zuba namu sai ciwon ya tashi. Na sa ta buga mini lambar kowace rana da ƙwaƙwalwar ta ƙaru. Muka ga duk bayan kwana shida ne.

Ta fashe da dariya. "Baba, ai ranar kasuwa ce, duk kwana shida take ci! Masu duba ma'aunin ruwa a ƙauyuka manoma ne. Ranar kasuwa wa zai tsaya duba kwalba?"

Nan na gane. Bajamushe ko bai auna ba sai ya cike gurbin da wata alama. Namu kuwa fili suke bari. Duk sanda gadata ta tarar da fili, sai ta juya da sauri ta bar abin da ta karɓo a ajiye. Layi ɗaya na manta ban rubuta a gadar ba, kuma ban taɓa zama inda zai tona ni ba sai garinmu.

Na ƙara layin kafin azahar. Muka sake kunnawa, lissafin ya tafi har ƙarshe, ƙwaƙwalwar ba ta motsa ba.

"Ashe tsohon bai ƙare ba," in ji ta.

"Ke dai kama babur ɗinki," na ce.

Ranar shirin na ɗora rediyo a gwiwa. Da Dagbanci, yaren yankin, malamar ta yi magana, na ji ta ce manoma su dakata da shukar masara mako biyu. Na kira matata daga kicin ta zo ta ji.