Kawu Ilu da Filogin Tirelar Shanu

Duk wanda ya ce muku Kawu Ilu tsoron wuta yake yi, bai san shi ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, bayan rumfarsa ta gyaran wutar mota a bakin tashar Kankara na girma. Wuta ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Direbobi yake tsoro, musamman yayana Sani.

Kun dai san halin Kawu. Mota ta tsaya, kafin ya amsa sallama sai ya ɗora bayan hannu a kan batir, kamar mai duba jariri. In ya ji ɗumi: "Wagga zazzaɓi take. Ba ta tafiya." Magana ta ƙare.

Da kuɗin man fetur suka shigo, aka ba malaman dabbobi Landiroba mai jan ɗakin tirela, da firij na allurar shanu a ciki. Wani ƙaton filogi ke kai wa firijin wuta, wayarsa kamar rake. Yaya Sani ne direba. Ramukan hanyar Faskari suka sassauta filogin, sai ya yi abin da duk direbobinmu ke yi: ya yanki gwangwanin madara ya cusa, ya bi da ƙusa. Kawu ya zaro gwangwanin, ya jujjuya.

"Sani, shayi za ka dafa ma shanun?"

Wuni guda ya zaunar da shi yana gogar tagullar filogin.

Ranar kasuwar Yankara wani Alhaji ɗan kwangila ya zo a gaggauce, wayar motarsa ta tsinke. "Malam Ilu, murɗa wayar kawai, ka naɗe da leda!"

"Alhaji, kai da leda aka ɗaura maka aure?"

Alhaji ya fusata ya tafi wani wuri. Da la'asar sai ga shi a ƙafa, yana warin ƙonanniyar roba. Kawu ya miƙe, ya ɗora masa bayan hannu a goshi. "Kai ma ba ka tafiya."

Ga tsimi! Takalmin Kawu ya taɓa tsinkewa, na ce ya ɗaure da guntun waya mana.

"Uwata, tagulla ce fa! Ƙafa wuta take ja?"

Mako biyu yana yawo ba takalmi.

Yau kwanansa arba'in da rasuwa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya saka masa da duk wanda ya isa gida lafiya bai san saboda wa ba.

Jiya Yaya ya dawo daga Sabuwa. Na leƙa bayan mota: bakin filogin ya yi baƙi, roba ta narke, ga jarkar fetur ɗaure a gefensa. Na yi magana, ya ce, "Ke, a sakandare aka koya maki wayarin?"

Ba a koya mini ba. Amma makullin Landirobar yana ƙulle a bakin zanena, kuma gobe jirgin ƙasa zan hau daga Funtua zuwa Kaduna in nemo sabon filogi. Shanun Sabuwa su jira.