Tunkiyar Inna Yalwa

A gidanmu na gefen Tofa, idan gyaɗa ta shigo gida, bayan sallar isha'i muke zagaye Inna Yalwa, kakarmu ta wajen uba. Muna ɓare gyaɗa, tana tura kara a wuta. Ni take kira Angona, ni kuma in ce na fasa, ta tsufa.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta makauniyar tunkiya. An kai ɗanta kasuwar Ɗambatta, ta bi sawu har inda aka tara 'yan raguna birjik, kowanne na kuka. Dillali ya yi dariya, ya ce in ta fitar da nata ta tafi da shi. Ta tsaya shiru tana saurare, can sai ta nufi wani ƙarami a ƙurya.

"Ai kuka bai zama ɗaya ba," in ji Inna. "Mai gaggawa ne yake jin sa ɗaya."

Sai ta rufe ido, kowannenmu ya ce "Inna", ta faɗi sunansa. Ko na maƙe murya sai ta ce, "Angona ne, mai muryar kwaɗo."

Da na shiga kwaleji a Bici ina karatun Faransanci, wasulan harshen suka kusa kore ni. Malam ya ce "tu", ya ce "tout", ni dai abu ɗaya nake ji. Ana gobe jarrabawar baka na tuna da tunkiya. Na kunna kaset, na rufe ido, na daina gaggawa. Sai ga su sun rabu: ɗaya siriri a bakin leɓe, ɗaya daga can ciki.

Na ci, na samu aikin koyarwa a Legas. Inna ta yi ta aikowa in zo ta ji muryata, ni kuma kullum sai hutu mai zuwa. Ranar da na zo, idonta ya tafi, kunnenta ya yi nauyi. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna."

Ta karkata kai, ta daɗe tana saurare. "Sake faɗa, ɗan nan."

Na sake, har sau uku.

"Yi haƙuri, baƙo," ta ce. "In ka ga Angona, ka ce masa ina jira."

Ba ta ga damina ba, Allah Ya ji ƙanta. Har yau abin yana ci mini rai. Ina koya wa ɗalibaina su rufe ido su saurara, suna yaba dabarar. Ba na iya gaya musu sauran: tunkiyar nan a ranar ta bi sawu, ba ta jira hutu ba.