Ta'aziyyar da Ta Hana Ni Ramewa

Ko da zan manta sunayen jikokina, dama kuwa rikita su nake yi, ba zan taɓa manta shekarar da na kusa ramewa ba. Na ce kusa, don a nan maganar take.

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, amma a Gumel nake zaune. Bokona aji huɗu ne, shi ma rabinsa ta taga na yi shi, sai mai karatu ya yi haƙuri da ni. Allah Ya hore min tumbi tun ina saurayi, irin wanda in na tare a-daidaita-sahu sai direba ya ce in zauna tsakiya kada mu kife. Ban taɓa jin haushinsa ba, don a kara, kasuwar shanu, mai tumbi ake yarda da maganarsa.

Sai ƙaba ta fito min a cibiya. Likita ya latsa, ya ce aiki za a yi, amma ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na sauko daga kilo ɗari da ashirin zuwa ɗari. Ya ce in na yi wasa, wata rana hanji zai shiga ya murɗe, a ranar kuwa ba a jiran kowa.

Hajiya, uwar 'ya'yana, ta karɓi mulki. Tuwo ya koma malmala ɗaya, shayi ba sukari, bayan asuba kuma a kora ni yawo kamar akuyar da aka kwance. Awo kuwa a shagon taubashina nake yi, ɗan ƙanwar babana, mai sayen riɗi. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "A share sikeli, ga buhun Alhaji ya iso!"

Abin mamaki, na yi ta sauka. Wando ya fara zamewa, na riƙa ganin yatsun ƙafata ba sai na leƙa ba. Har aka zo saura kilo uku. To, a nan jirgi ya tsaya. Wannan mako in ƙaru da ɗaya, wancan in rage shi, na gaba ya dawo da ƙaninsa. Damina ta wuce, aka yi kaka, ina nan inda nake.

Kaina ya ɗaure. Na fara da zargin sikeli. Taubashi ya ce, "Sikelin da ke auna riɗin Gagarawa kaf bai yi ƙarya ba, sai a kanka?" Na koma kan Hajiya, na ce ko tana zuba man shanu a miya a ɓoye. Ta kalle ni ta ce, "Alhaji, miyar da ko ƙuda ba ya sauka a kanta?" Daga nan na yanke cewa bakin mutane ne, na karɓo rubutu na sha. Shi ma da na ji ɗacinsa sai da na ɗiga zuma.

A daidai lokacin ne kuma Allah Ya sa min son zumunci, irin wanda ban taɓa yi ba. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba zaman makoki da zai wuce ni, musamman makokin. Hajiya takan ce, "Yau kuma wa ya rasu?" In ce, "Surukin ƙanin wani da na taɓa sayar wa raƙumi." Ta ce, "Ikon Allah. Da yayana ya rasu sai da aka yi bakwai ka je."

Ni ban taɓa roƙon abinci ba, a shaida. Amma baƙo ya taso daga Gumel da babbar riga, a kawo kwanon masa da miyar taushe, a bi da fura, ya ce ba zai ci ba? Ai wulaƙanci ne. Kuma a lissafina na ɗan aji huɗu, abincin sadaka lada yake zama, ba kitse ba.

Ranar da abin ya fashe, taubashi zai je sayen riɗi wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, na ji an yi rasuwa can, na ɗare motarsa. Muka zauna a tabarma, aka yi addu'a, aka turo kwano. Ina cikin masa ta huɗu na gyara murya na ce, "Allah Ya jiƙan sa, mutumin kirki ne, ba ya ciniki da rantsuwa."

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, gyatumarmu ce ta rasu."

Mai hankali da ya yi shiru. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, "Allahu akbar. Aiki aka yi mata a asibiti?"

Ya ce, "Ko allura ba a taɓa yi mata ba. Tsufa ne."

Wallahi sai na ji ban ji daɗin amsar ba. Na zauna ina mamakin kaina: me tsohuwar nan ta yi min da nake so a ce wuƙar likita ce ajalinta?

A hanya taubashi ya yi dariya har sai da ya tsayar da mota. Da ya share hawaye sai ya ce, "Kai buhu, gidan makoki nawa na raka ka? Ko'ina tambayarka ɗaya ce, an yi masa aiki? Ba ta'aziyya kake zuwa ba, shaida kake nema. Kilo ukun nan katangarka ce, ka san in ta faɗi wuƙa ce a bayanta."

Na ce, "Ni da nake kama bijimi da ƙaho?"

Ya ce, "Bijimi ba ya sa mutum barci ya buɗe cikinsa."

Muka dawo gida. Da na gaya wa Hajiya don ta taya ni jin haushi, sai ta ce ita ta daɗe da sani, jira take in gaji. Ta kafa doka: ta'aziyya sai wanda na san sunansa da na ubansa. Nan take dangina suka ragu. Kafin azumi kilo ukun suka tafi, aka yi aikin, na farka ina tambayar ko an fara.

Har yau in aka ce in rantse ko tsoro ne ko masa ce, ba zan rantse ba, don masar ƙauyen nan ta yi daɗi. Abin da dai na koya shi ne, in ka yi doguwar tafiya lafiya, sai a bakin ƙofa ƙafarka ta yi nauyi, bar zagin takalmi. Tambayi kanka wa kake tsoron tararwa a cikin ɗakin.