Notin Gilashin Gaba

Shekara ashirin da shida Baba Lantarki ya yi a rumfar gyaran jiragen sama, yawancinsu a tsugune cikin ɗakin matuƙi, da fitila ɗaure a goshi. Aikinsa shi ne wayoyin da ke ɗumama gilashin gaba, don kada ƙanƙara ta rufe wa matuƙi hanya a sama. Matarsa takan tsokane shi cewa yana gyaran jirgi amma bai taɓa tashi a ciki ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai bari, na ga hanjinsa ne."

Wata safiya ya kwance murfin kusurwar gilashin wani jirgin fasinja, ya ga ɗan baƙi-baƙi a gindin notin da ke riƙe wayar. Ya shinshina, ya ji ƙauri kaɗan. Ya kira shugaban sashe.

"Ranka ya daɗe, wannan abin bai kwanta mini ba."

Shugaban ya duba takarda, bai duba notin ba. "Sabo ne fil daga masana'anta, ga hatiminsu. Mutum ɗari da sittin na jira, Baba. Ƙara ɗaure shi kawai."

Baba Lantarki ya goge baƙin, ya ɗaure, ya gwada, komai ya nuna daidai. Ya sa hannu.

Kwana tara bayan haka, jirgin yana sama, tartsatsi ya tashi daga wannan kusurwar. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, gilashin ya tsattsage. Matuƙin ya danne wutar da hannunsa kafin mataimakinsa ya ciro abin kashe gobara. Sun sauka, ba wanda ya mutu. Amma yatsun matuƙin uku sun ƙanƙance, bai sake tuƙi ba.

Kwamitin bincike ya yi wata bakwai yana zama. A ƙarshe aka ce laifin masana'anta ne, an samu irin notin da aibi a jirage da dama. Abokan aiki suka yi ta ba Baba Lantarki hannu suna yi masa barka. Shi kuwa bai gaya wa kwamitin cewa ya goge baƙin ba, don ba su tambaya ba.

Ya ajiye aikin kafin shekara ta zagayo. Yanzu yana gyaran fanka da dutsen guga a zauren gidansa, kuma yakan riƙe kayan mutane mako biyu yana sake dubawa, har masu kawowa suka ragu.

Sau ɗaya ya je gidan matuƙin. Mutumin ya tarbe shi da fara'a, ya zuba masa ruwa da hannun hagu, ya ce, "Ai an wanke ka, Baba. Ƙaddara ce." Baba Lantarki ya buɗe baki zai faɗa, sai 'yar matuƙin ta shigo gaishe su. Ya sha ruwan, ya yi godiya, ya nemi takalmansa.