Mitwalli da Notin Ƙarshe

A shekarar 1989 Fanus ya fara ganin Mitwalli, ranar da aka ɗauke su aikin kanikanci a wata cibiyar bincike da ke bayan Alƙahira. Mitwalli ya zo daga ƙauye cikin kwat ɗin aro. Fanus kuwa ya fito daga makarantar mishan ta Asyut, rubutunsa kamar na ɗab'i. Aikinsu kula da na'ura mai siffar zobe, wadda ake zuƙe iskar cikinta, a zafafa gas har ya zama filasma, ya haska na ƙiftawar ido.

Al'adar wurin, idan an gama gyara, wanda ya ɗaure notin ƙarshe na murfin na'urar shi ke danna maɓallin kunnawar farko, a ɗauke shi hoto. A gyaransu na fari, Fanus aka zaɓa. Sai ga mahaifin Mitwalli da kwandon dabino, ya zo ganin hasken nan, "ƙaramar rana" da ya ji an ce ɗansa ke kunnawa. Tausayin tsohon ya kama Fanus, ya miƙa wa Mitwalli sifana.

Hoton da aka ɗauki Mitwalli ran nan yana bango har yau, kuma Fanus ya yi imani daga shi komai ya soma. Mitwalli aka tura kwas Rasha, ya dawo shugaban kanikawa, notin ƙarshe ya zama nasa. Fanus bai taɓa danna maɓallin ba. Kullum ya zo wucewa ta gaban hoton sai ya kau da kai.

"Basha ya iso, a share hanya!" haka Fanus yake tarbar Mitwalli, yana masa ba'a da laƙabin manyan masu mulki.

"Usta Fanus, shayi ne wannan ko ruwan wanki?" Mitwalli ya kan amsa da laƙabin gwanin sana'a, ya kuma shanye.

Bana na'urar ta daɗe a kashe ana sauya famfunanta, ga ritayar Fanus ta ƙarato. Wannan kunnawar ce ta ƙarshe da zai gani. Ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya roƙi a bar masa notin.

Da aka zo notin ƙarshe, Mitwalli ya kama sifana, ya ja, ya saki ƙara yana yarfa hannu.

"Wash! Na gurɗe. Usta, kama mini."

"Hannun sa hannu a takarda ai ba ya ɗaure noti," in ji Fanus, amma ya karɓa.

Da aka gama zuƙe iskar, Fanus ne ya zauna gaban maɓalli. Ya danna. Wani haske ja-ja ya zagaye zoben ya ɓace, ɗakin ya kaure da tafi.

Can sai ga Mitwalli ya shigo da ƙaton farantin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, ya ɗaga shi sama da hannun nan da ya gurɗe. Fanus ya dubi hannun, ya dubi mai shi.

"Ya warke ke nan, Basha?"

"Ci, Usta, kafin yaran nan su cinye."