Hajiya Kyauta da Matar da Aka Yi wa Sadakar Arba'in

'Yan acaɓan tashar Dutsin-Ma sun san ta da hali ɗaya: ba ta yarda a shiga da ita ƙauye da inji a kunne. Alu, wanda ya fi kowa ɗaukar ta, ya ce min, "Muna hango rumbunan farko za ta ƙwanƙwasa min kafaɗa da biro. In kashe, in yi ta turi, ita tana gaba da jakarta. Na ce Hajiya, ni direba ne ko jaki? Ta ce ai jaki ya fi ka, shi ba ya firgita kowa." A ofis kuma cewa suke Hajiya Kyauta ta cika jinkiri, sai ta je gidan mutum sau huɗu ba ta cika fom ɗaya ba.

Duk gaskiya suka faɗa. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka taɓa shiga a kan babura, ƙarar inji kaɗai tana sa mace ta saki tulu. Shekara talatin da biyar Hajiya ta yi tana aikin jin daɗin jama'a, wannan watan take ajiye shi. Ƙarfe takwas tana ofis, Litinin da Alhamis tana ƙauye. In ta shiga ɗaki, ba ta zama tsakanin mutum da ƙofa. Rubutunta sai ta fito, a gindin tsamiya.

Ni sai da na haura arba'in na koyi riƙe alƙalami a ajin manya, don haka abin da na gani kawai zan rubuta. Na karanta wa mai labarin, Rahamatu, ta cire abin da ta cire.

Rahamatu maƙwabciyata ce a ƙauyenmu ta wajen Birchi. Mijinta ya rasu, tana zaune gidan yayanta Tukur. Ranar da 'yan bindiga suka tare su a gona, Tukur ya dawo shi kaɗai, ya ce da idonsa ya ga gawarta, ba halin ɗaukowa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Magada suka ɗauki nasu, tufafinta aka raba wa maƙwabta sadaka kamar yadda muka saba. Ni aka ba ni zane shuɗi. Ɗakinta aka jera buhunan dawa.

Bayan wata bakwai, da azahar, ta shigo gari ba takalmi. Matan da ke bakin rijiya suka watse, guga ya faɗa ciki. Daga ranar ba wanda ya taɓa jikinta. Abinci daga nesa ake tura mata, kwanon da ta ci ba mai sa hannu. Ba ta magana. Kullum da la'asar sai ta ja mayafi ta tafi bakin maƙabarta, inda mace ba ta zuwa, ta tsaya tana bin kaburbura da ido ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ina tankaɗe na ɗaga kai, na gan ta tsaye a tsakar gidana, ban ji shigowarta ba. Ba ni take kallo ba. Zanen da ke jikina take kallo.

Wasu suka ce ba ita ce ba, wani abu ne ya dawo da kamanninta. Tukur ya ce ana gama girbi zai kai ta gidan wani mai magani can nesa, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa.

Sai Hajiya Kyauta ta iso da ƙafa, Alu yana turi a baya. Zuwan farko ba ta tambayi komai ba. Ta jawo kwanon Rahamatu a gaban matan gida, ta yi bisimilla, ta ci. A zuwa na biyar muka ji muryar da muka yi wa arba'in.

"Hajiya, ina aka binne ni?"

Mu muka hau salati. Hajiya ko gezau. "Ba a binne ki ba, ɗiyata. Kayanki aka raba. Wanne kike so ya fara dawowa?"

Rahamatu ta ce, "Turmina."

A gindin tsamiya Hajiya ta tsara yadda za a bi, ta koma ta karanta wa Rahamatu, abin da ta girgiza wa kai aka soke. Aka kai ta ganin likita tare da macen da ta zaɓa. Ruƙiyyar da dangi suka dage a kai, Hajiya ba ta hana ba. Ta je ta durƙusa gaban liman, Malam Hudu, ta roƙi ya yi karatunsa a hankali, ƙofa a buɗe, ba riƙo, ba tsawa. Shi ne kuma ya sanar bayan sallah cewa ba a cin gadon mai rai. Amma Hajiya ta ce kada a tara kayan a jibge. Kowa ya kai nasa da kansa, ɗaya a rana, ya yi sallama, ya kira sunanta, ya sa mata a hannu.

Da ranata ta zo, na yi sallama. Na ce, "Rahamatu, ga zanenki." Yatsunta suka taɓa nawa, na ji su da ɗumi. Ta juya shi, ta ce, "Hawwa'u, har kin ƙona min gefe? Da na ƙara wata guda da tsumma zan tarar." Muka yi dariya har da hawaye.

Aka bar zancen mai magani. Tukur ya kwashe dawarsa, ya aika mata da goro, ya aika da takalmi. Mu nan babban wa ba ya ba ƙanwa haƙuri da baki, aike yake yi. Ita kuwa la'asar na yi sai maƙabarta. Hajiya ta ce min, "Kaya sun dawo. Saura maganar da aka faɗa a kanta." Shekara guda Hajiya tana tsayawa a zauren Tukur, su gaisa, su yi zancen taki da ruwan sama. Ba ta taɓa tsare shi da tambaya ba. Abin da take bar masa kawai, "Malam Tukur, har yanzu tana neman wurin."

Hajiya, ke ce mai kashe inji a bakin gari. Ke kika ci a kwanon da muka ƙi. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sa hutun ya zama na lafiya. Ku kuma da za ku gaji teburinta, fom yana nan ba zai gudu ba. Ku fara koyon inda ake zama a ɗakin wanda ya tsorata.

Rahamatu ta daina zuwa maƙabarta tun Alhamis ɗin da Hajiya ta zo mana bankwana. Ranar da la'asar Rahamatu ta ja mayafi kamar kullum. A zaure ta tarar da yayanta durƙushe, ya rakuɓe gefe ya bar mata ƙofa, hularsa a hannu. Muna tsakar gida, duk mun ji.

"Rahamatu, ban ga gawarki ba. Ɗankwalinki na gani a ƙasa. Ina ji kina kiran sunana, na gudu. Kunyar a ce na bar ki da rai ta sa na ce kin mutu. Ba ki da kabari, ni na haƙa shi da bakina. Don Allah ki yafe mini."